Ra'ayinmu: Sabbin Furosesa Na Tafe, A Fara Da Lissafin Zafi Da Wuta

Masu haɗa kwamfutar tebur sun sake shiga zaman jira. Kamfanin Intel ya ce sabon zubin furosesansa mai suna Nova Lake zai fito a ƙarshen 2026. AMD kuma ya sa Zen 6 a jadawalinsa na shekarar, har ya sanar cewa samfurinsa na manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, wanda ya raɗa wa suna Venice, kamfanin TSMC na Taiwan ne zai ƙera shi da fasahar nanomita 2. Tun kafin kowa ya riƙe ɗaya a hannunsa, zance ya cika shagunan masu gyara da ɗakunan masu tace finafinai: nawa za a sayar, har ina gudunsa zai kai in an matsa masa, kuma wace fanka ce za ta iya da zafinsa. Wasu sun dakatar da sayen da suka yi niyya, wasu sun fara neman mai sayen tsohuwar kwamfutarsu.

Wannan ɗoki yana da dalilinsa, kuma ba ma raina shi. Wanda ya bi wannan kasuwa shekara goma da suka wuce ya san abin da gasa ta yi mata. A 2016 Intel ba shi da abokin karawa a sama, shi ya sa ya sayar da Core i7-6950X mai ƙwayoyin aiki 10 a kan sama da dala 1,700, kuma aka saya, don babu inda za a je. A watan Maris na 2017 AMD ya fito da Ryzen 7 1800X mai ƙwaya 8 a dala 499, alhali takwaransa na Intel yana sama da dala 1,000. Watanni kaɗan bayan haka Threadripper 1950X mai ƙwaya 16 ya shigo a dala 999. Kafin 2019 ta ƙare, Intel da kansa ya sauke farashin furosesansa mai ƙwaya 18 daga kusan dala 2,000 zuwa ƙasa da 1,000. Babu wata hukuma da ta tilasta masa. Tsoron rasa masu saye ne kawai. Don haka duk lokacin da kamfanonin nan biyu suka ja daga, mai saye yana da hujjar sa rai, ko da ba shi da niyyar sayen na ƙololuwa, domin fitowar sabo ita ce ke karya kuɗin na jiya.

Sai dai kuɗin da ake bugawa ranar ƙaddamarwa ba shi ne abin da ke fita daga aljihu ba. In ka duba a dala, farashin na saman ya daɗe bai motsa sosai ba: Core i9-13900K na 2022, da 14900K na 2023, da Core Ultra 9 285K na Oktoban 2024, duk a dala 589 Intel ya sa su. AMD ya sa Ryzen 9 9950X a dala 649, sannan 9950X3D a 699 a watan Maris na 2025. Amma furosesa ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar madabod mai mazaunin da ya dace da shi, kuma a nan ne halin kamfanonin biyu ya bambanta. Intel ya kawo mazaunin LGA1200 a 2020, ya maye gurbinsa da LGA1700 a 2021, ya sake kawo LGA1851 a 2024. Duk sauyi ɗaya, sabon madabod ke nan. AMD kuwa ya riƙe AM4 tun 2016 ya yi ta zuba masa sabbin furosesa shekara da shekaru, har wanda ya sayi madabod a 2017 ya iya ɗora 5800X3D na 2022 a kai bayan sabunta BIOS, kuma ya yi alkawarin ci gaba da AM5, mazaunin da ya gaje shi, zuwa 2027 ko fiye. Wannan alkawari kuɗi ne a hannun mai saye, kuma ya dace a sa shi cikin lissafi kamar yadda ake sa yawan ƙwaya.

Ga kuma RAM. Sabbin mazaunan nan, LGA1851 da AM5, DDR5 kaɗai suke karɓa, kuma daga ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Abin ya kai ga kamfanin Micron ya sanar a Disamban 2025 cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Mutumin da ya tara kuɗin furosesa kaɗai zai je kasuwa ya tarar rabin tafiyar ma bai yi ba.

Mu da ke lissafi da naira, akwai wani ƙarin nauyi. A farkon 2023 ana canza dala a kasuwar bayan fage kusan naira 750. A 2024 ta haura 1,500. Dala 589 ɗin da Ba'amurke ya ga ba ta canza ba, a wurin ɗan Kano ta tashi daga wajen naira dubu 440 zuwa kusan dubu 880, kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi sun tsira daga wannan hawa da sauka, tunda sefa ɗaure take da yuro, amma su ma kayan sai sun ratsa hannu da iyaka kafin su iso Maraɗi ko Garwa, kowane hannu da rabonsa.

Sai batun ƙure gudu, wato tilasta wa furosesa ya yi aiki sama da mizanin da kamfani ya gindaya masa. A nan muke ganin ɗokin mutane ya fi yin nisa da gaskiyar yau. Akwai zamanin da wannan sana'a take biya ƙwarai. A 1998 mai Celeron 300A yana canza saiti guda a madabod, gudun ya tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ƙarin rabi cur, ya kamo Pentium II da ya ninka shi kuɗi sau da yawa. A 2011 Core i5-2500K na dala 216, wanda aka rubuta masa gigahaz 3.3, mutane da dama sun kai shi 4.5 da fanka mai sauƙin kuɗi, suka yi shekaru suna mora. A wancan lokaci kamfanoni suna barin rata mai faɗi tsakanin abin da suka rubuta da abin da na'urar za ta iya, mai ƙwazo kuma ya kwashi ratar kyauta.

Yanzu kamfanonin sun cinye ratar da kansu, don kowanne yana son a ga sunansa a saman jadawalin gwaji ranar fitowa. Furosesa na zamani yana da ma'aunai a cikinsa da ke duba zafi da wuta sau da yawa a daƙiƙa, yana ƙara wa kansa gudu har sai ya taɓa iyaka. 14900K yana kaiwa gigahaz 6 daga cikin kwali, yana jan wuta har wat 253 bisa ƙa'ida. AMD ya tsara Ryzen 7000 ya hau zuwa digiri 95 ya zauna a nan yana aiki. Doki ne da aka riga aka sake wa linzami tun daga barga. Mai ƙara masa bulala ba wani nisa zai samu ba, sai gumi. Lissafin ma a fili yake. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tashi daidai da gudu, amma yana tashi ne da murabba'in ƙarfin wutar da ake tura masa, wato ƙarfin sau kansa. Ƙara gudu da kashi 10 cikin 100 tare da ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 yana haifar da ƙarin zafi na kusan kashi 33. Ka biya kashi ɗaya bisa uku na ƙarin zafi don ribar da da wuya idonka ya gan ta a cikin aiki.

Inda wannan tsere ya kai mu kowa ya gani a 2024. Masu manyan furosesan Intel na zubi na 13 da na 14 suka fara kukan kwamfuta tana tsayawa, wasanni suna rufe kansu, aiki yana lalacewa ana tsaka da fitar da shi. An yi watanni ana nuna wa juna yatsa. Masu ƙera madabod suna da nasu laifin, don da yawansu sun fitar da kaya da iyakar wuta a buɗe, wasu har an rubuta wat 4,096 a saitin, wanda ma'anarsa babu iyaka. A watan Yuli Intel ya amsa cewa umarnin da ke cikin furosesan kansa yana neman ƙarfin wuta fiye da kima. Ya fitar da gyara a Agusta, ya ƙara wani a Satumba, ya kuma tsawaita garanti da shekara biyu. Wannan ya yi daidai, kuma muna yaba masa a kai. Amma gyaran yana kare lafiyayye ne kawai. Wanda wuta ta riga ta cinye ba ya warkewa. AMD ma bai fita fes ba: a Afrilun 2023 an ga wasu Ryzen 7000X3D da suka ƙone har suka kumbura a mazauninsu, sai da aka ƙayyade wani layin wutarsu a bolt 1.3. Da dama daga waɗanda abin ya shafa ba su taɓa saitin komai ba. Kaya ne da aka tura su bakin gaɓa tun daga masana'anta.

Wannan labari bai ƙare ba a wurinmu, kuma shi ne ya fi damunmu a duk maganar. Da zarar sabon zubi ya fito, masu kuɗin Amurka da Turai da Dubai za su sauke tsofaffin furosesansu, kuma hanyar da gwanjon kwamfuta ke bi an san ta: Computer Village a Ikeja, daga nan zuwa Beirut Road a Kano da sauran kasuwannin arewa. Furosesan da wuta ta raunana ba ya nuna alama a ido. Fuskarsa tana sheƙi, yana tayar da Windows lami lafiya a gaban mai shago, sai an ɗora masa aiki mai nauyi na awanni sannan ya fara tuntuɓe. Garantin shekara biyar na kamfani yana amfanar wanda ke da rasit da hanyar mayar da kaya. Wanda ya saya a hannu na uku, garantinsa 'yan kwanakin da mai shago ya ba shi ne. Duk mai sha'awar i7 ko i9 na hannu daga zubi na 13 da na 14, ya nemi a bar shi ya gwada da aiki mai nauyi na tsawon yini kafin ya biya, ya kuma sabunta BIOS kafin komai.

Ba muna cewa masu ƙure gudu ɓata lokaci suke yi ba. A Disamban 2022 wata tawaga ta kamfanin ASUS ta haura gigahaz 9 da 13900K, bayan irin wannan furosesa ya riga ya karya tarihin da wani furosesan AMD ya riƙe tun 2014. Sun yi amfani da ruwan iskar hiliyom mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, wanda ya fi ruwan naitirojin na digiri 196 ƙasa da sifili da aka saba gani a irin wannan gasa. Gwaninta ce ta gaske, kuma irin waɗannan mutane ne ke tono aibin da kamfani bai faɗa ba. Matashin da ya koyi shiga BIOS, ya san bambancin bolt da wat, ya iya karanta ma'aunin zafi, ya samu ilimin da zai ci abinci da shi. AMD ma ya buɗe wata ƙofa a Nuwamban 2024 da Ryzen 7 9800X3D na dala 479: ya mayar da ƙarin ma'ajiyar bayanansa ƙarƙashin ƙwayoyin maimakon samansu, zafi ya samu hanyar fita, aka kuma halatta ƙure shi. Amma wancan gudu na gigahaz 9 na ɗan lokaci ne, a kan teburin gwaji, ana ta zuba ruwan sanyi. Ba shi da alaƙa da kwamfutar da za ta yi wata shida tana tace fim. Kuma takardun garantin kamfanonin biyu ba su ɗauki asarar da ƙure gudu ya jawo ba. Intel ma ya taɓa sayar da wata inshora ta musamman don haka, ya daina a 2021.

Ilimin nan ɗaya, in an juya shi baya, shi ne ya fi mana amfani. Maimakon ƙara wuta, a rage. Furosesan AMD mai wat 170 yana da saiti a BIOS da ke mayar da shi wat 105, kuma gwaje-gwajen masu zaman kansu sun nuna abin da ake rasawa na gudu kaɗan ne in aka kwatanta da zafin da ke sauka. Na Intel ma ana iya rubuta masa iyakar wat da hannu. Wasu suna sassauta ƙarfin wutar kowace ƙwaya kaɗan-kaɗan suna gwadawa, har su sami furosesa mai sanyi da gudunsa bai ragu ba.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan wannan shi ne yanayinmu. Fanka ko ruwa ba sa ƙirƙirar sanyi. Suna kwashe zafi ne daga furosesa su miƙa wa iskar ɗaki, don haka aikinsu ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin na'urar da zafin ɗakin. Masu gwajin da ake kallo a YouTube yawanci suna aiki a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 23 ba. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu, zafin waje yana haura 40, kuma shago mai rufin kwano da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ba zai yi nisa da haka ba. Furosesan da ya nuna digiri 85 a wancan ɗakin gwajin, ƙara masa digiri 15 na bambancin ɗaki, ya kai 100, iyakar da 14900K ke fara rage wa kansa gudu don ya tsira. Ka biya kuɗin na ƙololuwa, bazara ta mayar da shi matsakaici.

Hunturu kuma da nasa. Duk mai gyaran da ya buɗe kwamfuta a watan Fabrairu ya san abin da zai tarar: ƙura ta yi kauri a tsakanin siraran faifan alminiyon kamar an shimfiɗa auduga, fanka tana juyawa da ƙara amma iska ba ta ratsawa, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya tsattsage, yana ɓarewa da farce. Burushi mai laushi, da abin hura iska, da ɗigon sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya, su ne ke dawo da digirin da aka rasa. Aikin rabin awa ne, amma shi ake mantawa ana zancen gigahaz.

Tsakanin sanyaya da iska da sanyaya da ruwa, kowanne yana da hujja. Na ruwa mai fanka uku ya fi iya kwashe wat 250 na dogon lokaci, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya dage sai ya saki manyan furosesan Intel ba iyaka kusan ba shi da wani zaɓi. Amma yana da famfo da ke iya mutuwa ba sallama, ruwansa yana raguwa da shekaru, kuma in ya lalace sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Na iska ƙarfe ne da bututun tagulla da fanka. In fanka ta mutu ana samun wata a kowace kasuwa. Noctua na Austiriya ya fito da NH-D15 a 2014, kuma da ɗan sauyin ƙarfen ɗaurewa ana hawa da shi kan sabbin mazauni har yanzu. Thermalright yana sayar da mai hasumiya biyu a ƙasa da dala 50 da aikinsa bai yi nisa da na masu tsada ba. A inda kayan gyara ke wuyar samu, mun fi karkata ga iska.

Wutar lantarki ita ce ta ƙarshe a lissafin, kuma ba kuɗin mita ne babbar matsalar ba. Furosesa mai wat 250 da ya yi awa 8 yana aiki ya sha yunit 2, wajen naira 400 ke nan ko ɗan fiye a kuɗin rukunin Band A da aka ɗaga a Afrilun 2024. Ana iya jurewa. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. Haɗa furosesa da katin hoto da allo, kwamfuta mai ƙarfi tana jan wat 600 cikin sauƙi. Katin RTX 5090 shi kaɗai wat 575 aka rubuta masa. Batirin inbata na bolt 12 mai amfiya 200, in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, abin da zai bayar bai wuce awa biyu ba a wannan nauyi. Kowane wat da aka rage a BIOS ƙarin mintoci ne kafin a tayar da janareta.

Akwai waɗanda suke buƙatar na saman da gaske, kuma ba za mu hana su ba. Editan Kannywood da ke fitar da shiri mai dogon zango duk mako, mai zanen gine-gine, mai haɗa manhaja, injiniyan da ke gwajin lissafi mai nauyi, duk awar da suka rage a jiran kwamfuta kuɗi ce. Ga irinsu, ƙwaya 16 tana biyan kanta. Threadripper 9980X mai ƙwaya 64 a dala 4,999 da wat 350 kuwa, sai kamfanin da ke da aikin da zai cika ƙwayoyin da ɗakin da zai sanyaya su. Mai wasannin kwamfuta ya lura cewa 9800X3D mai ƙwaya 8 ya doke waɗanda suka fi shi tsada da yawan ƙwaya a yawancin wasanni.

Tarihin ranakun ƙaddamarwa na baya-bayan nan ma yana goyon bayan mai haƙuri. An ɗaga fitowar Ryzen 9000 da kusan mako biyu a 2024 saboda matsalar inganci, da ya fito kuma bai kai abin da aka tallata ba sai da aka sabunta Windows da BIOS, sannan farashinsa ya sauka cikin watanni. Core Ultra 9 285K ya rage shan wuta, abin yabo, amma a wasanni ya gaza wanda ya gada a gwaje-gwaje da dama. 9800X3D ya yi kyau tun ranar farko, sai dai ya yi ƙaranci har 'yan kasuwa suka ɗora masa kuɗi. A duka ukun, wanda ya yi layi a makon farko shi ya fi biya.

Ra'ayinmu shi ne, wanda kwamfutarsa ke yi masa aikin da yake ci da shi, ya riƙe ta, kada ya sayar saboda sanarwa. Wanda aikinsa ya tsaya yau, ya sayi abin da aka riga aka gwada, a mazaunin da ke da sauran rai. Wanda ya ƙudurta jiran Nova Lake ko Zen 6, ya ƙara wata uku bayan fitowarsu, ya karanta gwajin masu zaman kansu, ya duba aikin da ake samu a kowane wat kafin ya duba gigahaz, ya kuma ware kuɗin madabod da RAM da fanka da UPS tun kafin ya taya furosesa. Ga 'yan kasuwarmu kuma muna kira: ku faɗa wa mai saye in kaya na hannu ne, ku ba shi rasit mai lambar na'urar, ku sabunta BIOS ku sa iyakar wutar da kamfani ya amince da ita kafin kwamfuta ta bar shagonku.